Dashen Adirinal a Tsokar Cinya Bayan Cire Duka Biyun: Nazarin Lamarin Wata Mai Cutar Cushing

An tsara wannan lamari ne don koyarwa. Alƙaluman awon da ke cikinsa misali ne na irin abin da ake gani a asibiti, ba daga fayil ɗin wata mace takamaimai aka kwaso su ba.

Yadda ta zo

Mace ce mai shekara 34. Cikin shekara uku jikinta ya sauya: fuska ta cika ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannuwa da ƙafafu kuwa suka sirance. Nankarwa masu duhu, faɗinsu ya wuce santimita 1, suka fito mata a ciki da cinyoyi. Ɗan bugu kaɗan sai jini ya kwanta ƙarƙashin fata. In ta tsuguna ba ta iya miƙewa sai ta dafa bango. Al'adarta ta ɗauke, suga ya hau, jininta yana kai 165/100 duk da tana shan maganin hawan jini iri uku.

An ba ta miligiram 1 na deksametazon, maganin da ke sa jiki ya rage yin kotisol, da ƙarfe 11 na dare, aka auna kotisol da ƙarfe 8 na safe. Kotisol homon ne da adirinal, ɗan naman da ke saman kowace ƙoda, ke zubawa a jini. A mai lafiya ya kamata ya sauka ƙasa da nanomol 50 a lita. Nata ya tsaya a 410. Kotisol ɗin fitsarin awa 24 ya ninka iyaka sau huɗu. ACTH, wato homon ɗin da fituwitari, ɗan naman da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, ke aikawa don ya umarci adirinal, ya kai fikogiram 85 a mililita. Hoton MRI ya nuna ɗan ƙari mai milimita 5 a fituwitari, kuma jinin da aka ɗebo daga jijiyoyin da ke kwashe jinin fituwitari ya tabbatar daga nan ACTH ɗin ke fitowa. Wannan ita ce cutar da Harvey Cushing ya bayyana a 1932.

Sau biyu aka yi mata tiyata ta hanci don cire ƙarin, sau biyu kotisol ya ƙi sauka. Aka koma magani. Ketokonazol ya taɓa hanta, awon ya wuce ninki biyar na iyaka, aka tsayar. Metirafon ya sauko da kotisol amma ya ƙara hawan jinin, ya zubar da fotasiyom, ya fito mata da gashi a haɓa. Haska fituwitari da radiyeshon na iya ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, kafin a ga amfaninsa, ga shi ƙashin bayanta ɗaya ya riga ya lotsa saboda raunin ƙashi. Ba ta da lokacin jira. Aka yanke shawarar cire adirinal duka biyu.

Abin da ake rasawa, da dalilin tunanin dashe

Kowace ƙoda tana ɗauke da adirinal a samanta, mai nauyin giram 4 zuwa 5. Abu biyu ne a haɗe. Ɓawon waje, mai launin ruwan ɗorawa, shi ne mafi yawa, kuma hawa uku gare shi: na can waje yana yin aldostiron mai riƙe gishiri da ruwa a jiki, na tsakiya yana yin kotisol, na ciki yana yin homon ɗin androjin. Ƙwayar ciki, mai launin toka-toka, ita ke yin adirinalin. Mutum na rayuwa lafiya lau ba ƙwayar cikin, domin jijiyoyin laka suna samar da noradirinalin da ke cike gurbi. Ba ɓawon kuwa, kwanaki kaɗan ne.

Shi ya sa wanda aka cire wa duka biyun zai zauna a kan haidirokotizon, madadin kotisol, miligiram 15 zuwa 25 a rana da fuludirokotizon, madadin aldostiron, miligiram 0.05 zuwa 0.2 har ƙarshen rayuwarsa. Ƙwayar magani ba ta san an yi zazzaɓi ba, ba ta san an yi haɗari ba. Jiki mai adirinal yana ninka kotisol da kansa in wahala ta zo. Marar shi sai ya tuna ya ninka da hannunsa. Ga kuma matsala ta biyu ga mai cutar Cushing: ƙarin fituwitari yana nan, kuma kotisol mai yawan da ke ɗan taka masa birki ya tafi. Yana iya girma, ACTH ya yi tashin gwauron zabi, fata ta yi baƙi. Don Nelson ya bayyana wannan a 1958, har yau da sunansa ake kiran yanayin.

Tunanin dashen shi ne a yanki wani sashe na ɓawon da aka cire, a binne shi a cikin tsokar mai shi, inda zai yi jijiyoyi ya ci gaba da aiki. Tunda namansa ne, jiki ba zai ƙi shi ba, babu buƙatar maganin danne garkuwar jiki. In kuma ya yi yawa wata rana, yankan fatar cinya ya fi sake buɗe bayan ciki sauƙi nesa ba kusa ba. Ba sabon tunani ba ne. James Hardy na Jami'ar Mississippi a Amurka, wanda ya fara dashen huhu a jikin ɗan Adam a 1963, ya yi wa masu cutar Cushing irin wannan aiki, ya kuma bi su shekaru yana ba da rahoto. Abin da aka tara daga shi da sauran waɗanda suka gwada bai taɓa zama iri ɗaya ba: wasu dashen ya mutu, wasu ya rayu bai wadatar ba, wasu suka bar magani, wasu kuma cutar ta dawo musu daga dashen kansa. Saboda haka yawancin cibiyoyi a yau suna cirewa su ba da magani kawai, dashen ya zama abin da ake yi jefi-jefi bayan dogon bayani da mai ciwon.

Masu tiyatar wuya sun saba da dashen faratairod, ƙananan namomin wuya masu daidaita kalsiyom a jini, a tsokar hannu, kuma yana kamawa ƙwarai. Kuskure ne a ɗauka adirinal haka take. Ita tana cikin sassan jiki mafi shan jini idan aka kwatanta da nauyinta, kuma ba ta girma sai da ACTH. Nan ne mai cutar Cushing ya bambanta da kowa: ACTH ɗinsa mai yawa, wanda shi ne ciwonsa, shi ne kuma takin da dashen ke buƙata.

Wannan ne ma ke tace waɗanda aikin bai dace da su ba. Mai ƙarin ƙwayar ciki na gado a ɓangare biyu, irin na MEN2 ko cutar von Hippel-Lindau, ACTH ɗinsa daidai yake, dashen ba ya samun abin da zai tura shi, kuma ko ɗan ɓurɓushin ƙwayar ciki ya bi yankan yana iya zama sabon ƙari a cinya. Gara a bar masa wani sashe na ɓawon a wurinsa na asali da jijiyoyinsa. Mai ƙulle-ƙullen adirinal da ke yin kotisol ba da umarnin kowa ba, dasa namansa dasa cutar ne. Mai sankara kuwa ba a ma kawo zancen.

An yi wa matar bayanin duka wannan. Dalilinta na amincewa shi ne tana yawan tafiya inda asibiti ke da nisa, tana fatan ko kaɗan ne jikinta ya riƙa yin nasa.

A ɗakin tiyata

Mako biyu aka ɗauka ana daidaita jini, suga da fotasiyom. An fara mata allurar hefarin ta ƙarƙashin fata, domin masu cutar Cushing na saurin yin gudan jini a ƙafa da huhu. Lokacin sa barci aka ba ta haidirokotizon miligiram 100 ta jijiya, aka jona miligiram 200 da zai shiga cikin awa 24.

An kwantar da ita rub da ciki, aka shiga ta baya da kyamara, ƙofa uku a kowane gefe ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe. An fara da dama, wadda jijiyarta gajeruwa ce kuma kai-tsaye take zuba a babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ta hagu, mai zuba a jijiyar ƙoda, aka bari ƙarshe da gangan: daga ita za a yanki dashen, don haka ana so ta zama wadda ta fi kusa da rabuwa da jini. An cire kowacce tare da kitsen da ke kewaye da ita. Wannan ba ƙawa ba ce. In aka bar ko ƙwayar gero ta ɓawo a gurbin, ACTH zai raine ta, kuma nan gaba ba za a san ko kotisol daga cinya yake fitowa ko daga bayan ciki ba.

A gefen hagun an kiyaye abu biyu. Na'urar ƙona jijiya ba ta kusanci jikin adirinal ɗin ba, an riƙa yanka nesa a cikin kitse, domin zafinta na dafa nama milimita kaɗan daga inda ta taɓa. Kuma ba a kama ta da hantsaki ba, kitsen gefenta aka riƙa ja. An sa ta a jaka, aka ɗan faɗaɗa ƙofar don kada ta matse wajen fitowa. Ta dama ta yi giram 9, ta hagu giram 11.

Yayin da wasu ke rufe baya suna juyo da ita rigingine, likita ɗaya ya koma ƙaramin tebur. Kwanon ruwan gishiri mai sanyin digiri 4 aka ɗora a kan ƙanƙara. Naman yana cikin ruwan, bai taɓa ƙanƙarar ba, domin daskarewa na fasa ƙwayoyin halitta. Da gilashin ƙara girma aka share kitsen, aka tsaga adirinal ɗin biyu. A nan launi ke jagora: ɓawo ruwan ɗorawa mai haske, ƙwayar ciki siririn layi mai toka-toka, ga babbar jijiya ta ratsa ta. An kankare ƙwayar cikin da bakin wuƙa. An aika yanki ɗaya ɗakin gwaji a duba nan take, amsa ta dawo cewa kumburin ɓawo ne kawai, ba ƙari.

Sai yanka. Kowane yanki kaurinsa milimita 1 zuwa 2, faɗinsa kimanin milimita 5, kuma kowanne da ɗan fatar waje ta adirinal a jikinsa. Duka sharuɗɗan nan biyu suna da dalili. Yankin da aka binne ba shi da jijiya ko ɗaya a kwana biyu zuwa uku na farko. Iskar oksijin da abinci na tsattsafowa ne daga tsokar da ke kewaye, kuma ba sa ratsa fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita. Ma'ana, ko a siririn yanki tsakiyar mutuwa take yi, gefe-gefe ne ke tsira. In yankin ya yi kauri, mataccen nama ne zai fi yawa, ya jawo kumburi, ya kashe ɗan abin da ya rage. Fatar wajen kuwa, a ƙarƙashinta ƙwayoyin da ke sake haifar ɓawo suke zaune. Gwaji a kan ɓeraye ya daɗe da nuna cewa in aka ƙwaƙule cikin adirinal aka bar fatar da abin da ke manne da ita, ɓawon na sake tsirowa. Yankin da ba fata a jikinsa yana iya aiki na ɗan lokaci sannan ya shuɗe. Da wuƙa sabuwa ake yankan, ja ɗaya. Almakashi na murƙushe gefen, kuma gefen ne ake fatan ya rayu.

Masu aikin sun sha bamban kan yawan abin da za a dasa. A nan an yanki guda 24, jimlarsu kimanin giram 1.

Wurin dashen tsokar satoriyos ce ta cinyar hagu, doguwar siririyar tsokar da ta taso daga ƙashin ƙugu ta gaba ta karkato zuwa cikin gwiwa. Tana kusa da fata, tana da jini, kuma in an yanke wani sashe nata tafiya ba ta lalacewa. An tsaga fata santimita 8, aka buɗe zanen da ke lulluɓe da tsokar. Ba yanka tsokar ake yi ba. Ana cusa bakin hantsaki marar kaifi ne a buɗa zaruruwanta bisa tsawonsu, sai ɗan aljihu ya samu. Ana jira a ga aljihun ya bushe. Duk wanda ya ci gaba da tsattsafo da jini ana barinsa a yi wani, domin gudan jini zai shiga tsakanin yankin da tsoka ya raba su, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe dashe. Yanki ɗaya a aljihu ɗaya, a rufe bakin da zaren da ba ya narkewa.

An jera aljihunan rukuni uku, takwas-takwas, da tazarar santimita 2 tsakanin rukuni da rukuni, aka sa ɗan maƙallin titaniyom a farko da ƙarshen kowanne, aka zana taswirarsu a takardar tiyata. Amfanin wannan zai fito daga baya. Daga ɗaure jijiyar hagu zuwa rufe aljihu na ƙarshe minti 50 ne.

Akwai wata hanya da likitoci a ƙasar Sin suka ba da rahotonta a ƙarshen shekarun 1980: a dasa babban yanki ɗungurungum, a ɗinke babbar jijiyarsa ta fitar jini da wata jijiyar kawo jini ta ƙasan bangon ciki, jini ya riƙa shiga ta baya. Dalilin wannan dabara shi ne jijiyoyin da ke kai wa adirinal jini ƙanana ne da yawa, daga tushe uku, babu wadda za a iya ɗinkawa. Aikin na buƙatar ƙwararren mai ɗinki ƙarƙashin madubi, kuma in ɗinkin ya toshe an yi asarar dashen gaba ɗaya a dare ɗaya.

Watannin farko

An riƙa rage haidirokotizon a hankali. Jikin da ya shekara uku yana iyo cikin kotisol yana jin saukar kamar an zare masa laka: ciwon gaɓoɓi, kasala, tashin zuciya, baƙin rai. Da adadin ya sauko ƙasa da miligiram 50 a rana aka fara fuludirokotizon miligiram 0.1, domin sama da haka haidirokotizon ɗin kansa na riƙe gishiri. A mako na shida ta tsaya a kan miligiram 20: 10 da farkawa, 5 da tsakar rana, 5 da la'asar. Ɗinkin cinyar ya yi jinkirin warkewa, abin da ba a yi mamakinsa ba ga mai siririyar fata da suga, amma bai yi ruwa ba.

Zaɓen haidirokotizon da kansa wani ɓangare ne na kula da dashen. Yana fita daga jiki cikin awanni, saboda haka da asuba ACTH na samun damar tashi ya taɓa dashen. Magani mai daɗewa kamar deksametazon zai danne ACTH dare da rana. Likita na tsaka mai wuya a nan: ya ba da magani da yawa, dashen ya yi barci, ya rage da yawa, mai ciwon ta shiga haɗari. Ƙa'idar da aka bi ita ce lafiyar matar ke gaba, dashen na biye.

Awon kotisol ana yinsa ne da ƙarfe 8 na safe, bayan ta tsallake maganin la'asar na jiya da na safiyar ranar, ta zo da ƙwayar a jaka ta sha da zarar an ɗebi jinin. A wata na 3 bai kai 30 ba. A wata na 6 ya kai 60. A wata na 9 ya kai 140. Ranar aka yi mata allurar Synacthen, wato ACTH na haɗawa, maikirogiram 250, aka sake awo bayan minti 30 da minti 60. Adirinal mai lafiya na haura 420 zuwa 500, gwargwadon na'urar awon. Nata ya tsaya a 175.

Inda aka yi kuskure

An rage mata magani zuwa miligiram 10 da safe kawai, aka ce mata dashen ya kama. Ragin bai zama laifi ba. Maganar ce ta zama laifi, domin ba a haɗa ta da sauran bayanin ba. Ita abin da ta ji shi ne ta kusa warkewa. Allurar gaggawar da aka ba ta lokacin sallama ta koma cikin durowa, har wa'adinta ya wuce.

A wata na 10 amai da gudawa suka kama ta da dare. Ta sha maganin safe ta amayar, ta sake sha ta sake amayarwa. Ta ce bari ta ga abin da hali zai yi, tunda cinyar na aiki. Bayan awa 14 aka kawo ta ba ta gane mutane sosai. Jini ya faɗi zuwa 80/50, sodiyom ya sauka 126, fotasiyom ya hau 5.9, suga ya sauka 3.2. Ba a jira sakamakon wani awo ba: haidirokotizon miligiram 100 ta jijiya nan take, ruwan gishiri lita 1 cikin awa ta farko, gulukos ta jijiya, sannan miligiram 200 cikin awa 24. Kafin wayewar gari ta dawo hayyacinta. Kwana uku ta yi a gado.

Amsar tana cikin gwajin Synacthen tun wata guda kafin nan, ba a karanta ta da kyau ba. Tashi daga 140 zuwa 175 na nufin dashen ba shi da ajiya. ACTH ɗin jikinta ya riga ya matse shi iya matsewa a kowace safiya. 140 ɗin nan ba somin-taɓi ba ne, iyakar ƙarfinsa ke nan. Ranar ciwo jiki na neman ninkin abin da ya saba, dashen kuma ba shi da abin ƙarawa. Ga fuludirokotizon da ta amayar tare da sauran, ga gishiri da ruwa na zuba ta gudawa.

An sake zama da ita da mijinta. In zazzaɓi ya haura digiri 38 ta ninka cikakken adadin miligiram 20 sau biyu, in ya haura 39 sau uku, ba ragaggen adadin da take sha ba. In ta amayar da magani cikin rabin awa ta sake sha. In ya sake dawowa, allurar miligiram 100 a tsokar cinyar dama, sannan asibiti, ko da ta ji sauƙi. Mijin ya haɗa allurar da hannunsa a gaban nas har sau biyu. An rubuta a katinta cewa ba ta da adirinal, ba a ambaci dashen a fuskar katin ba, don kada wani likitan gaggawa ya yi irin lissafin da ta yi.

Daga ina kotisol ɗin yake?

A wata na 18 awon safe ya kai 230. Kafin a jingina wannan ga dashen sai da aka tabbatar, domin ragowar nama a gurbin tiyata, ko ɗan tsibirin ɓawon adirinal da wasu ke haifuwa da shi a wani wuri, na iya ba da irin wannan sakamako. An ɗebi jini lokaci guda daga wuri uku: hannu 230, jijiyar matsematsin dama 225, ta hagu sama da dashen 320. Bambancin ba shi da girma saboda jinin ƙafa gaba ɗaya na surka abin da dashen ya zuba, shi ya sa ake kwatantawa da ɗaya ƙafar. Hoton NP-59, wato kolestarol mai ɗauke da aidin mai haske wanda ɓawon adirinal ke zuƙa, ya nuna haske a cinyar hagu, babu komai a saman ƙodoji. Kafin wannan hoton ana ba da ɗigon aidin don kare tairod, naman da ke gaban wuya, kuma sai bayan kwanaki ake ɗauka.

Aldostiron bai bi sahu ba. An gwada rage fuludirokotizon zuwa 0.05, cikin mako uku renin, sinadarin da ƙoda ke saki in gishiri da ruwa sun ragu a jiki, ya hau, jiri na ɗibarta in ta miƙe, tana kwaɗayin gishiri. Aka mayar da 0.1. Hawan da ke yin aldostiron renin da fotasiyom yake saurare fiye da ACTH, kuma dashen da ACTH ya raina ya fi karkata ga yin kotisol.

Da abin ya juya

A wata na 30 awon safe ya kai 340, aka tsayar da haidirokotizon na kullum, aka bar na ranar ciwo. Kowa ya ji daɗi. Amma wani layi a takardar awon yana ta hawa: ACTH na safe, wanda ake ɗiba kafin shan magani a kwalbar EDTA cikin ƙanƙara saboda saurin lalacewarsa, ya tashi daga 180 zuwa 420, a wata na 40 ya kai 1,100. Gaɓoɓin yatsunta, layukan tafin hannu, dasashi da tabon tiyata duk sun yi duhu. Ga mai duhun fata tun asali, cikin kumatu da dasashi ne wurin dubawa, tare da tsohon hotonta. MRI ya nuna ƙarin ya kai milimita 9. Kotisol ɗin da dashen ke yi bai hana shi girma ba, kuma bai kamata a sa ran zai hana ba, tunda kotisol ninki huɗu ma bai tsayar da shi a baya ba.

A daidai lokacin nauyinta ya ƙaru da kilo 6, jini ya fara hawa, barci ya ƙaurace. Kotisol ɗin yawu na tsakar dare ya fita sama da iyaka sau biyu, na fitsari ya kusa ninka iyaka. A cinyar ana taɓa ƙulli ƙarƙashin tabon. Hoton sauti ya nuna ƙulle-ƙulle a duka rukuni ukun, mafi girma santimita 1.2. Ingantuwar da aka yi murna da ita a wata na 30 da dawowar cutar a wata na 40 abu ɗaya ne ya haifar da su, wato ƙarin da ke girma a fituwitari.

An tunkari ɓangarorin biyu. A cinya, da allurar kashe zafin wuri da haidirokotizon miligiram 100 kafin a fara, aka bi taswirar da maƙallan titaniyom aka yanke sashen tsokar da ke ɗauke da rukuni biyu na ƙasa, aka bar na sama. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Da a warwatse aka binne yankunan ba alama, da sai dai a kwashe tsokar duka ko a yi ta lalube. Ƙarƙashin madubi an ga ƙulle-ƙullen ƙwayoyin ɓawo tsakanin zaruruwan tsoka, da ƙananan jijiyoyi sun ratsa su, babu ƙwayar ciki. A kai kuma, tunda ƙarin na da tazarar milimita 4 daga mahaɗar jijiyoyin gani, an yi masa haskawa mai saiti ta zama ɗaya.

Mako shida bayan haka kotisol ɗin safe ya sauko 110, aka mayar da ita kan haidirokotizon miligiram 15 a rana, fuludirokotizon yana nan a 0.1. Ana sa ran in haskawar ta fara aiki ACTH zai sauka, rukunin da ya rage kuma zai iya ƙanƙancewa tare da shi, don haka an gaya mata tun yanzu cewa adadin na iya komawa 20. Ana auna kotisol da ACTH na safe duk wata uku, renin da gishirin jini duk wata shida, MRI bayan wata shida sannan shekara-shekara. Tunda haskawa na iya raunana sauran aikin fituwitari a hankali, an ƙara awon homon ɗin tairod da na haihuwa a jerin na shekara. Ranar ƙarewar wa'adin allurar gaggawa an rubuta ta a saman fayil ɗinta, ana dubawa a kowace zuwa.